Al'adunmu da Sauyin Yanayi: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Min da Amsoshinsu

Duk sanda zancen sauyin yanayi ya taso a majalisa na ce ai wani ɓangare na maganin yana cikin abin da muka gada, sai tambayoyi su yi ta zuwa. Wasu da gaske sani suke son yi, wasu kuma gani suke kamar so nake a koma zamanin fitilar aci-balbal. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, wai me ya haɗa al'ada da sauyin yanayi? Ba maganar masana kimiyya ba ce?

Matsalar ita ce da an ce al'ada sai hankalinmu ya tafi kan kalangu da hawan sallah da kamun amarya. Ai yadda ake gina ɗaki al'ada ce, irin da manomi ke ajiyewa a rumbu al'ada ce, wa ke da ikon sare itace a gona, yaushe ake rufe kogi a hana su, ta ina shanu za su bi su je mashaya, duk al'ada ce. Kuma ƙasarmu ba yau ta fara ganin fari ba, har sunaye kakanninmu suka sa wa yunwa, akwai Kakalaba ta wajen 1914, akwai Muɗa a shekarun 1950, a Nijar kuma ta 1984 El-Buhari suke ce mata saboda lokacin gwamnatin Buhari ta rufe boda. Duk wadda ta wuce sai ta bar wa mutane dabara, wace bishiya ce ta ciyar da su, wane iri ne ya yi ko da ruwa ya ɗauke da wuri.

Kimiyya kuma aikinta daban, ita ke gaya mana abin yana ƙaruwa ne ba raguwa ba. Kowa ya tuna azumin 2024, a garin Kayes na Mali sai da zafi ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu. Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, to mu babban aikinmu shi ne yadda za mu jure abin da ya riga ya same mu, kuma a nan ne abin da muka gada yake da ta cewa.

Ka ba mu misali ɗaya na gaske, ba labari ba.

Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1970 da wani abu da na 1984 gonakin yankin sun zama fayau, iska na kwashe ƙasa, mutum ya yi shuka rairayi ya binne ta sai ya sake, wani har sau uku ko huɗu. An kashe kuɗi sosai wajen rainon itatuwa a leda ana rabawa, yawancinsu mutuwa suka yi, wasu rana ta ƙone, wasu awaki suka cinye. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi, a 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron nan da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da aka sare amma saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da wuta. Babu ban ruwa, babu sayen komai, adda ko gatari ya isa. Sassaben zamani suke kiran abin a can.

Daga ƙauye zuwa ƙauye abin ya yi ta yaɗuwa, manomi ya ga gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye har kwamiti suka kafa na tsaron itatuwa da mata a ciki da Fulani makiyaya. Sai bayan shekara 2000 da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam aka gane girman abin, wajen hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200. Ni dai ban san wani aikin dashe na gwamnati a duk yankin Sahel da ya kamo ƙafar wannan ba.

A wajen Tawa kuma tassa ce ta farfaɗo da faƙo, ramukan nan da ake haƙawa da rani a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan sama ya zauna a ciki maimakon ya gudu. Tsohuwar dabara ce, marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya inganta ta, shi da Rinaudo duk sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

To ai ka faɗa da bakinka Bature ne ya gano, ina al'ada a nan?

Shi kansa bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro ba. Barin itace a gona tsohon abu ne a ƙasar Hausa, duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a taɓa ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, ya kuma san gawo. Gawo da damina yake zubar da ganye, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma lokacin da komai ya bushe shi ne yake kore shar, dabbobi su kwanta a ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Je ka duba geron gindin gawo ka duba na nesa da shi, ba sai an yi maka bayani ba. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu a ƙarni na 19 ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa aka bari. Dokar daji ta zamanin Faransa, wadda aka ci gaba da ita bayan 'yancin kai, ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, ko a cikin gonarka ne. Ka raini itace shekara goma, ranar da ka sari reshe malamin daji ya ci ka tara. To wa zai raina? Gara ka sassabe shi tun yana ƙarami ka huta. Ga kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes babu ko kututture. Da aka sassauta, mutane suka tabbatar itacen da suka raina nasu ne, sai ilimin ya dawo da kansa, daga baya ma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina. Wannan shi ne abin da na fi so a riƙe a duk zancen nan. Ilimin gargajiya ba ya aiki don an yabe shi a taro, sai mai shi ya san zai ci moriyarsa kuma akwai wanda zai hukunta ɓarawon da ya zo da dare ya sare.

Ginin ƙasa fa? Ba shi ne ke rushewa yana kashe mutane duk damina ba?

Gaskiya ne yana rushewa, ba zan ɓoye ba. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masu sallah aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi tun shekarun 1830. A Satumban 2024 tsohon masallacin Birni a Damagaram shi ma ya zube bayan mamakon ruwa, a daminar da ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar. Ruwan yanzu ya canja, na wata guda sai ya sauka cikin kwana biyu.

Amma ɗan'uwa ka tambayi tsofaffin magina. Ginin ƙasa abu ne mai son kulawa duk shekara, kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci. Akwai makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, akwai laso da ake haɗawa da katsi na marina da gashin akuya da dafara, waɗannan su ne ke hana ruwa shiga bango da rufi. Yanzu marina sun ragu, katsi ya yi wuya, ɗorawa an sare, giginyar da ake yin azara ta yi nisa, gayyar da ake yi a taya mutum yaɓe ta mutu a wurare da yawa. Sai a ɗauko siminti a shafe bangon ƙasa da shi, shi kuma ba ya barin bango ya sha iska, laima ta taru a ciki, waje lafiya lau ciki ya ruɓe, rana ɗaya ya zo ƙasa. Ga titi da aka ɗaga ya fi gidaje tsawo, ruwa ya kwanta a gindin katanga. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce kuma ginin ƙasa ce, tana tsaye saboda ana kula da ita, haka masallacin Jenne a Mali da duk gari ke fitowa yaɓe kowace shekara.

Kenan in fasa gini da bulo da kwano?

Ban ce ba. Na dai ce ka yi lissafi da zafi a ciki. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin a watan Afrilu, kuma ba wuta, kowa ya san azabarsa, tsofaffi da jarirai su suka fi shan wuya. Soro mai kaurin bango da rana sanyi, da dare ɗumi lokacin hunturu, ba fanka ba janareta. Shi kuma siminti yin sa kaɗai na fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, ga tsadarsa.

Ana iya haɗawa. Tushe na dutse da siminti ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, bango na bulon ƙasa da aka matse da inji, rufi mai baki da zai kare bango. Haka Francis Kéré ya yi makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini. A Dandaji cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa suka mayar da tsohon ya zama laburare. Tun 1986 ma masallacin Yama a Nijar da magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan. Abin da ke damuna shi ne kunya, an sa mana a rai cewa gidan ƙasa alamar talauci ne, har a wajen neman aure ana dubawa, yaran magina kuma suna gudun sana'ar iyayensu.

Me ya sa ambaliya ta yi yawa a birane, ruwan ne kawai ya ƙaru?

Ruwan ya ƙaru, amma mu ma mun toshe masa wurin zama. Duk tsohon gari a ƙasar Hausa akwai kududdufi, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da damina ruwan unguwa can yake taruwa ya nitse a hankali ya ciyar da rijiyoyi. A cikin birnin Kano kududdufai nawa aka cike da shara aka yanka filoti aka yi shaguna? Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, in bai samu kududdufi ba ɗakin mutum zai shiga. Na san suna tara sauro da ƙazanta, maganin wannan a yashe su a killace, a dasa itatuwa a gefe.

Tsofaffi na duba shamuwa da taurari su san damina. Wannan har yanzu yana aiki?

Rabi da rabi. Zuwan shamuwa, tohon wasu itatuwa, juyawar iska daga gabas zuwa yamma, duk lura ce ta shekaru masu yawa ba camfi ba. Sai dai su kansu tsofaffin za su gaya maka alamun sun fara saɓa musu, a yi ruwan shuka a shuka sai ya ɗauke sati uku. Don haka hasashen da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon kowace shekara yana da amfani, in dai zai iso ga manomi da Hausa ta rediyo a kan lokaci, a haɗa shi da abin da mutanen wurin suka sani game da ƙasarsu, wace gona ce jigawa wace ce fadama.

Inda na fi ba tsofaffi gaskiya shi ne wajen iri. Gero mai saurin nuna, maiwa mai jinkiri, dawa kaura da farfara, wake a tsakani, ga kuɓewa da yakuwa a gefe, duk a gona ɗaya. In ruwa ya yanke da wuri gero ya tsira, in ya daɗe dawa ta yi, ba a taɓa tashi hannu rabbana gaba ɗaya. Wanda ya zuba masara zalla saboda kasuwa, shekarar da ruwa ya yi gardama ko taki ya yi tsada shi ke kuka. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana da ma'ajiyar iri, kuma da yawan abin da ke ciki daga rumbunan manoma aka karɓo.

Sarakunan gargajiya suna da sauran tasiri a wannan harka?

Inda aka bar musu, eh. Dubi Argungu. Mutane kallon gasar kamun kifi kawai suke, wadda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2016, amma abin da ke riƙe da bikin shi ne Matan Fada, inda ake sun, a rufe take sauran shekara, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kifi ya samu ya hayayyafa ya girma. Dokar kare muhalli kenan tun kafin a san kalmar. Haka burtali da hurumi da mashaya, da yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi, bayan girbi shanu su shiga su ci kara su bar taki. Da aka nome burtali aka sayar da hurumi, wani lokaci da sa hannun masu sarautar kansu, mun ga abin da ya biyo baya.

Kuma ba komai ne laifin sauyin yanayi ba. A fadamar Haɗeja da Nguru, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta canja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya da suka saba karɓa-karɓa da wuri ɗaya gwargwadon cikowa da janyewar ruwa suka rasa tsarinsu. Da an zauna da sarakunan ruwan yankin tun farko da sun faɗi abin da zai faru.

Fari da ambaliya ba ƙaddara ba ce? Kuma wasu al'adun ba su da alaƙa da shirka?

Komai da ƙaddarar Allah yake, ciwo ma haka ne kuma muna zuwa asibiti. Muna fita roƙon ruwa, daidai ne, sai mu haɗa da daina sare abin da ke riƙe ƙasar. Hadisi ingantacce ya nuna duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi, kuma an hana almubazzaranci da ruwa ko a alwala. Gaskiya ne a da wasu kurmi da manyan kukoki tsoron iskoki ne ya kare su, ba na kiran a koma can. Abin da nake cewa tsoron ya tafi ba mu maye gurbinsa da komai ba, alhali addini ya ba mu dalilin da ya fi shi ƙarfi. Huɗubar Juma'a ɗaya a kan sare itace da zuba shara a kwata ta fi fosta dubu isa ga jama'a.

Babu al'adun da su ne ma ke ɓata muhallin?

Akwai mana. Cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo. Murhun duwatsu uku da ke cin itace kamar me, hayaƙin kuma yana lalata idon iyayenmu mata da ƙirjinsu. Gawayi, wanda ya cinye ƙirya da marke har ya koma kan kaɗanya, duk da shi wannan talauci da tsadar gas ne suka fi tura shi. Sai hana mata gona da bakin magana, alhali su ke tsintar kaɗe, su ke daddawa, su ke shan wahalar neman itace da ruwa, sun fi kowa sanin wace bishiya ce ta fara ƙaranci. Waɗannan a gyara su, ba don sun tsufa za a ce a riƙe ba.

A manyan tarukan duniya ana maganar nan kuwa, ko mu kaɗai ke yi?

Ana yi, a makare dai. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ambaci ilimin gargajiya a sashen jure wa sauyin yanayi. A taron sauyin yanayi na COP28 a Dubai a 2023 an sa kare kayan gado cikin manufofin da aka amince da su, Daular Larabawa da Barazil kuma suka jagoranci kafa rukunin ƙasashe masu goyon bayan a sa al'ada cikin aikin. Hindou Oumarou Ibrahim, Bafulatana daga Mbororo na Chadi, ta daɗe tana kai wannan magana, tana zama da makiyaya da manoma su zana taswirar mashaya da hanyoyin kiwo da iliminsu. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da farko layin itatuwa aka yi niyyar dasawa, daga baya dole aka karkata zuwa irin abin da manoman Nijar suka yi. Kuɗin dai har yanzu kaɗan ne ke isa ƙauye, mafi yawa a otal da bita yake ƙarewa, wannan kam yana ci min rai.

Ni a birni nake, ba gona ba shanu. Me zan iya yi?

In kana da tsohon gida na gado kada ka yi saurin rushewa, nemo magini na gargajiya ya duba kafin ruwa ya sauka, ka biya shi da daraja. In za ka dasa itace a ƙofar gida, darbejiya tana da inuwa amma ka haɗa da namu, tsamiya, kurna, ɗinya, zogale. Ka sayi daddawa da man kaɗe da garin kuka a hannun matan karkara, don itacen da ke kawo kuɗi ba a sare shi. In unguwarku na da kududdufi da ake shirin cikewa ku je wajen mai unguwa tun kafin a kawo tifa ta farko.

Randa ma kada a raina ta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da tsumma mai laima, tumatir da yalo da alayyafo suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, ba wuta ba firji, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Sannan in kana da kaka ko kakan da ke raye, je da wayarka ka yi rikodin, ka tambaye su sunayen irin da suke shukawa a da, me aka ci a shekarar yunwa, yaya ake haɗa makuba, ina burtalin garinku ya bi. Ka tura wa 'yan'uwa a WhatsApp na gida, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri don kada waya ta ɓace da shi.